Ramukan Hercegkut: yadda manoman Hangari suka huda tudu don ajiye giyar inabi

A arewa maso gabashin ƙasar Hangari, tazarar kilomita kaɗan daga garin Sarospatak, akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Hercegkut, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba, amma yana cikin wuraren da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihi na duniya a shekarar 2002. Ramuka ne suka kai shi wannan matsayi. A gefe biyu na garin akwai tuddai biyu, Gombos da Koporos, kuma a jikin kowannensu an haƙa ramukan ajiyar giyar inabi layi bisa layi, waɗanda idan aka haɗa adadinsu sun haura 100. Wanda ya tsaya a gindin tudun Gombos ba zai ga gini ba, sai dai jerin ƙananan fuskokin dutse masu kusurwa uku, kowacce da ƙofar katako guda ɗaya a tsakiya, ciyawa ta lulluɓe samanta, sannan wani layin a bisansa, da wani kuma a bisa wancan. Bayan kowace ƙofa akwai matakala da take gangarawa zuwa wani dogon lungu mai duhu da sanyi, inda aka jera gangunan katako a kan gungume, hagu da dama, aka bar siririyar hanya a tsakiya.

Mai karatu Musulmi ya san hukuncin giya, kuma babu abin da wannan bayani zai rage daga wannan hukunci. Abin da ya sa ramukan suka cancanci a tsaya a kansu shi ne labarin da suke ɗauke da shi game da dabarar ajiya, da mallakar ƙasa, da haraji, da yadda talaka yake kare ɗan abin da ya noma. Giyar yankin Tokaj, wanda Hercegkut take cikinsa, ta yi suna a fadojin Turai har ana danganta wa Sarkin Faransa Louis na 14 cewa ya kira ta giyar sarakuna kuma sarkin giya. Sai dai masu ba da wannan labari sun fi tsayawa a kan teburin sarki, alhali aikin da ya sa giyar ta iya kai wa ga teburin an yi shi ne a ƙarƙashin ƙasa, da hannun mutanen da yawancinsu ba su mallaki gonar da suke nomawa ba.

Dole a fara da dutsen kansa. Tsaunukan Zemplen, waɗanda gonakin Tokaj suke kwance a gindinsu, ragowar duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. Tokar da suka amayar miliyoyin shekaru da suka wuce ta kwanta, ta daskare, ta zama wani irin dutse mai haske da ƙananan ramuka a jikinsa. Wannan dutse yana da hali biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba: yana da taushin da mutum ɗaya zai iya sara shi da diga da kurfi, kuma yana da ƙarfin da idan aka sare shi a siffar baka zai riƙe kansa ba tare da ginshiƙi ko siminti ba. Saboda haka manomin da ba shi da kuɗin bulo ko ladan magini yana iya samun ɗakin ajiya da ƙarfin damtsensa kawai, yana haƙawa a lokacin hunturu da babu aikin gona, ɗansa kuma ya zo ya ƙara tsawon ramin idan amfanin gona ya ƙaru. Shi ya sa ramukan ba su da tsawo ɗaya, kuma shi ya sa ake ganin sawun diga a bangonsu har yau.

Amfanin zurfin kuwa lissafi ne mai sauƙi. A wannan yanki bazara tana da zafi, hunturu kuma yana daskarar da ruwa, amma idan aka nutsa mita kaɗan cikin ƙasa, zafin wuri yana tsayawa kusa da matsakaicin zafin shekara gaba ɗaya, wato tsakanin digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Selsiyos, ba ya hawa sosai kuma ba ya sauka sosai. Danshin iska shi ma yana da yawa, galibi sama da kashi 85 cikin 100. Ruwan inabi mai yawan sukari idan ya ji ɗumi yakan ci gaba da tsimuwa babu tsari, ko ya yi tsami ya lalace, amma a cikin irin wannan sanyi tsimuwar tana tafiya a hankali, wani lokaci tsawon watanni, kuma danshin yana hana gangar katako bushewa ta tsage ta riƙa yoyo. A kowane rami akan huda wata siririyar kafa daga rufi zuwa saman tudu domin iska ta riƙa zagayawa. Wannan kafa tana da muhimmanci ga rai, domin a lokacin tsimuwa ruwan inabi yana fitar da iska mai nauyi da take kwanciya a ƙasan rami, wadda ba ta da wari amma tana shaƙe mutum. Tsohuwar dabarar manoman Turai ita ce a shiga da kyandir a kunne a riƙe shi ƙasa-ƙasa, idan ya mutu sai a juya da sauri.

Abin da yake fara ɗaukar hankalin baƙo a cikin tsofaffin ramukan Tokaj shi ne bangon. Wata irin funfuna mai launin toka zuwa baƙi tana lulluɓe shi da kauri, mai laushi idan aka taɓa, har takan rufe kwalaben da suka daɗe a ajiye. Masana suna kiran ta Cladosporium cellare, kuma abincinta shi ne tururin barasa da yake fita daga jikin gangunan. Ke nan rayuwarta ta dogara da aikin da ake yi a ramin: inda ake ajiye giya tana yaɗuwa, inda aka daina tana ja da baya. Mutanen yankin suna alfahari da ita, suna cewa tana tsabtace iska tana daidaita danshi. Ko tana shafar ɗanɗanon abin da yake cikin ganga, wannan magana ce da masu sana'ar suka rabu a kanta, kuma ni ina ganin an fi yawan ambatonta ne saboda tana burge masu yawon buɗe ido. Abin da babu gardama a kai shi ne kaurinta shaida ce ta tsawon shekarun da ramin ya yi yana aiki.

To, wace irin giya ce take buƙatar duk wannan? A garin Tokaj kogin Bodrog yake haɗuwa da kogin Tisza, kuma a lokacin kaka hazo mai laima yana tashi daga kogunan da safe ya rufe gonaki, sannan rana ta fito ta busar da shi. Wannan sauyi tsakanin laima da bushewa yana ba wata funfuna mai suna Botrytis cinerea damar kama 'ya'yan inabi ta huda fatarsu, ruwan ciki ya tsane, su yamutse kamar zabibi, sukari da tsami su taru a ɗan abin da ya rage. Idan laima ta yi yawa funfunar ruɓar da amfanin gona take yi, don haka ba kowace shekara ake dacewa ba. Waɗannan yamutsattsun 'ya'ya su ake kira aszu, kuma ba a yanke su nono-nono, tsince su ake yi ɗaya bayan ɗaya, ana komawa gona ɗaya sau da dama daga watan Oktoba zuwa Nuwamba. Mata ne galibi suke wannan aiki, kuma mai tsinta takan wuni cur da ƙyar ta tara kilo 10. Nau'in inabin da aka fi shukawa shi ne Furmint, sai Harslevelu.

A tsohon tsari ana auna aszu da wani mazubin katako da ake goyawa a baya, mai suna puttony, wanda yake ɗaukar kimanin kilo 25. Sai a murƙushe 'ya'yan su zama kamar ƙullu, a jiƙa su cikin ruwan inabi na kwana ɗaya ko biyu, a matse, a zuba a ganga. Gangar da ake amfani da ita ƙarama ce, mai cin lita 136, wadda ta samo sunanta daga garin Gonc inda aka shahara da ƙera ta. Yawan mazubin da aka zuba wa ganga ɗaya, daga 3 zuwa 6, shi yake nuna zaƙin giyar da kuma tsadarta. Ƙanƙantar gangar tana da alaƙa da ramin kai tsaye, domin ƙofar ƙarama ce, lungun kuma matsattse, babu yadda babbar ganga za ta shiga. A 2013 an sauya doka, aka ce ba za a kira giya aszu ba sai sukarin da ya rage a cikinta ya kai giram 120 a kowace lita, kuma sai ta yi aƙalla wata 18 a gangar katako. Akwai kuma eszencia, wato ruwan da yake tsiyayowa da kansa daga tarin aszu saboda nauyinsa, wanda sukarinsa ya yi yawan da tsimuwarsa takan ɗauki shekaru kuma barasarsa ba ta wuce kashi kaɗan cikin 100 ba.

A nan ne darajar ramin take bayyana ta fuskar tattalin arziki. Inabi ɗanye ba ya kwana da yawa, kuma giya maras inganci ba ta wuce shekara. Giyar da take iya zama shekaru 10 ko 20 ba ta lalace ba ta zama dukiya, wadda za a iya riƙewa har farashi ya tashi, a biya bashi da ita, a bar wa magada, ko a ɗora ta a keken doki a tsallake tsaunukan Karfat da ita zuwa Poland ba tare da ta ɓaci a hanya ba. Matsayin ramin a wurin manomin Tokaj shi ne matsayin rumbu a wurin manomin gero: wanda ba shi da shi dole ya sayar da kaka, a farashin da mai saye ya ga dama.

Tarihin yadda yankin ya yi fice yana da alaƙa da Daular Usmaniyya ta Turkawa. Kafin ƙarni na 16, giyar da ta fi daraja a masarautar Hangari daga kudu take zuwa, daga yankin Szeremseg kusa da kogin Danub. Da Turkawa suka ci wannan yanki, sannan suka karya rundunar Hangari a yaƙin Mohacs a 1526, sai kasuwar ta koma arewa maso gabas, inda ikon Usmaniyawa bai zauna da gindinsa ba. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa cewa wani malamin coci mai suna Mate Szepsi Laczko ne ya fara yin aszu wajen 1630, bayan an jinkirta girbi saboda tsoron harin Turkawa, ya kuma miƙa wa uwar gijiyarsa Zsuzsanna Lorantffy, matar babban basarake Gyorgy Rakoczi na 1. Labarin yana da daɗin ji, amma an samu ambaton giyar aszu a wata takardar rabon gado ta gidan Garay ta shekarar 1571, wato kusan shekara 60 kafin nan. Abin da ya tabbata shi ne gidan Rakoczi ya mallaki gonaki da ramuka masu yawa a yankin, kuma Ferenc Rakoczi na 2, wanda ya jagoranci tawaye ga sarautar Habsburg ta Ostiriya daga 1703 zuwa 1711, ya yi amfani da giyar a matsayin kyauta ga sarakunan da yake neman goyon bayansu. A 1737 wata dokar sarki ta shata iyakar garuruwan da za su iya sayar da giyarsu da sunan Tokaj, abin da ya sa yankin yake cikin na farko a duniya da aka yi wa irin wannan shinge. A wannan ƙarni fadar Rasha har wakilai ta ajiye a Tokaj musamman don saye da rakiyar kaya.

Hercegkut ita kanta 'yar wannan tawaye ce. Bayan Rakoczi ya sha kaye, an ƙwace dukiyarsa, kuma ƙasar Sarospatak ta faɗa hannun gidan Trautson na Ostiriya. Yaƙe-yaƙe da annoba sun rage jama'a, gonaki sun rasa manoma, don haka a 1750 aka kawo iyalai Jamusawa daga kudu maso yammacin Jamus, waɗanda a Hangari ake kira Suwabawa, aka zaunar da su a wannan wuri. Garin ya fara da sunan ubangidan, Trautsondorf, sai a farkon ƙarni na 20 aka ba shi sunan da yake amsawa yanzu. Waɗannan baƙi da zuriyarsu ne suka haƙa ramukan Gombos da Koporos a ƙarni na 18 da na 19.

Bambancin ramukansu da na manya yana da faɗi. A Sarospatak akwai babban ramin da yake ɗauke da sunan Rakoczi, a Tolcsva akwai dogayen ramuka masu rassa, a Satoraljaujhely kuma akwai na unguwar Ungvari, inda aka haɗe ramuka 27 da suke hawa daban-daban suka zama hanya ɗaya mai sarƙaƙiya. Waɗannan na masu ƙasa ne da manyan fatake. Na Hercegkut kuwa kowanne na gida ɗaya ne, da ƙofarsa da makullinsa, an kuma tara su a wajen gari saboda a can ne dutsen da ya dace yake. Kafin a soke tsarin bautar gona a 1848, manomi yana ba ubangidan ƙasa kashi ɗaya cikin 9 na amfanin gonarsa, coci kuma ta karɓi ushira, kuma harajin inabin bai gushe ba sai a 1868. Abin da ya saura bayan wannan rabo shi ne yake shiga ramin. Ba giya kaɗai ake ajiyewa ba, har da dankalin turawa da kayan lambu da za a ci da hunturu.

Daga wannan tsari ne al'adar wurin ta tsiro. Tun da ramukan suna jere ƙofa da ƙofa, tudun ya zama wurin haɗuwar magidanta bayan aiki da ranakun hutu, inda ake tattauna farashi da yanayin girbi, ana kuma gwada abin da maƙwabci ya samu a bana. Kayan aikin da ya fi zama alamar mai rami shi ne lopo, wanda a da ake yi da duma mai dogon wuya, yanzu kuma da gilashi. Mai ramin yakan cire toshin ganga, ya zura dogon wuyan, ya zuƙa ta sama har cikin duman ya cika, ya toshe bakin ƙasa da yatsa, ya ɗora shi a kafaɗa, sannan ya riƙa ɗaga yatsan yana tsiyaya wa baƙi a kofi. Sayar da giyar zuwa ƙetare kuwa ya daɗe a hannun wasu: fataken Poland, da Girkawa, da Yahudawa, waɗanda majami'arsu ta garin Mad, da aka gina a 1795, take tsaye har yanzu.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 masifu suka biyo juna. A shekarun 1880 ƙwaron filoksera, wanda ya zo Turai daga Amurka yana cin saiwar inabi, ya hallaka mafi yawan gonakin yankin, kuma ba a farfaɗo ba sai da aka koma yi wa inabin gida aure da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron. Yarjejeniyar Trianon ta 1920, wadda ta sake shata iyakokin Hangari bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta yanke wani ɓangare na yankin ta ba ƙasar Cekoslobakiya, wanda yanzu yake cikin Sulobakiya. A 1944 aka kwashe Yahudawan yankin zuwa sansanonin kisa na 'yan Nazi, kuma da su aka rasa yawancin masu sanin kasuwar waje. A farkon 1945 abin ya zo kan Hercegkut: saboda asalinsu na Jamusawa, sojojin Tarayyar Sobiyet suka tasa ƙeyar mutum sama da 100 daga wannan ɗan gari, maza da mata, zuwa aikin dole, wasunsu ba su dawo ba.

Mulkin gurguzu da ya biyo baya ya ƙwace manyan gonaki da manyan ramuka ya haɗe su ƙarƙashin kamfanin gwamnati guda, wanda burinsa shi ne yawa, domin cika kasuwar Tarayyar Sobiyet. An gauraye giyar gonaki daban-daban, an watsar da gangaren tuddai masu wuyar noma aka koma fili inda tarakta za ta iya shiga, kuma sunan Tokaj ya zube a idon masu saye na Yammacin Turai. A nan ƙananan ramuka irin na Hercegkut suka yi wani amfani da ba a cika faɗa ba. Gwamnati ta bar wa iyalai 'yan ƙananan gonakin bayan gida, kuma abin da suka noma a can a raminsu suke sarrafa shi yadda suka gada. A ganina, da a ce dukan ajiyar yankin tana cikin manyan ramuka ne kawai, da sanin aikin ya fi haka lalacewa a cikin waɗannan shekaru 40, domin abu mai girma shi ne mai sauƙin ƙwacewa da takarda ɗaya.

Bayan faɗuwar gurguzu a 1989 kuɗin waje suka shigo. An kafa kamfanin Royal Tokaji a 1990 da hannun marubucin Birtaniya Hugh Johnson, kamfanin inshorar Faransa AXA ya sayi gonar Disznoko a 1992, kamfanin Vega Sicilia na Sifaniya kuma ya kafa Oremus a Tolcsva a 1993. Waɗannan sun zo da tankokin ƙarfe da na'urorin sanyaya ɗaki, kuma suka fi son giya mai ɗanɗanon 'ya'yan itace sabo a kan tsohon salo na barin ta shekaru masu yawa tana shan iska a ganga. An yi muhawara mai zafi a kan wane salo ne na asali. Bugu da ƙari, kasuwar giya mai zaƙi ta ragu a duniya, har yawancin masu sana'ar suka karkata ga yin giyar Furmint maras zaƙi, wadda ba ta buƙatar dogon zama a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan ya bar ramukan Hercegkut a wani matsayi mai wuyar sha'ani. Shigarsu jerin UNESCO ta jawo gyara da baƙi masu ɗaukar hoto, ana kuma shirya ranakun buɗe ramuka da bukukuwan da suke tuna asalin Suwabawa na garin. Amma abin da yake raya rami shi ne amfani da shi: a buɗe ƙofa a kan kari, a share kafar iska kada ta toshe, a gyara fuskar dutsen idan ruwan sama ya fara cin ta, a kuma ajiye gangunan da funfunar bango take rayuwa a kansu. Matasa suna barin ƙauyukan Zemplen zuwa birane, kuma magajin da yake zaune a Budafes ba lallai ne ya ci gaba da noman 'yar gonar kakansa ba. Dokokin kare kayan tarihi suna iya hana mai rami sauya siffar ƙofarsa, amma ba za su iya tilasta masa noman inabi ba, don haka a yau wasu ramukan suna hannun iyalai masu sarrafa giya da sayarwa, wasu an mayar da su wurin karɓar baƙi, wasu kuma a kulle suke yawancin shekara.